Yadda Ake Sassaƙa Bakan Farauta da Hannu

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla a birnin Katsina, ko Sallar Gani a Daura, ya ga ayarin maharba suna tafe cikin rigunansu masu layu, kwari rataye a kafaɗa, baka riƙe a hannu. Yawancin bakunkunan da ake fitowa da su a irin wannan rana sun daɗe ba su harba kibiya ba, domin bindigar toka ta karɓe musu aiki tun da jimawa. Duk da haka baka bai rasa masu nemansa a ƙauyuka ba, saboda ba ya ƙara balle ya kori namun da ke kusa, ba ya cin albarushi, kuma kibiyar da ta kuskure ana iya tsinto ta a sake ɗanawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu iya sassaƙa shi yadda zai yi shekaru yana aiki, shi ya sa za a ga saurayi ya sari sanda da safe, ya ɗaura mata igiya da rana, kafin magariba ta karye masa a hannu.

Kafin a ɗauki gatari akwai abu guda da ya wajaba a fahimta, domin duk sauran aikin a kansa ya dogara. Baka yana da baya, yana kuma da ciki. Bayan shi ne gefen da ke fuskantar abin harbi, cikin kuwa shi ne gefen da ke kallon maharbi da tsirkiya, wato igiyar baka. Idan aka ja baka, zaren itacen da ke baya miƙewa yake yi, na ciki kuma matsewa yake yi. Itace yana iya jure matsi ya ɗan lotsa ba tare da ya rabu biyu ba, amma da zarar an yanke zaren baya, ko da ɗan tsaga ne na bakin wuƙa, to daga wannan wurin karaya za ta fara. Saboda haka ɓawo kawai ake cirewa daga baya a bar shi yadda Allah ya halicce shi, duk wata sassaƙa da kankarewa a ciki da gefuna ake yin su.

Zaɓen itace

Itacen baka ana so ya haɗa ƙarfi da danƙo, wato ya lanƙwasu da ƙyar, idan an sake shi kuma ya koma yadda yake. A cikin itatuwan da ake samu a ƙasar Katsina da Daura, ɗundu da dargaza su ne a gaba. Ɗundu yana da tauri da nauyi, sai dai da wuya a sami reshensa mai tsawo a miƙe, ga kuma ƙaya, don haka neman sanda ɗaya mai kyau yakan ci yini. Dargaza ta fi shi sauƙin sarrafawa, kuma ita ce ta fi dacewa da mai koyo, domin tana haƙuri da kuskuren hannu. Bayan waɗannan sai ƙaramar kanya wadda ta tashi a miƙe a bakin rafi ko fadama, sai magarya, sai marke, wanda yake da ƙarfi sosai amma yana son tsagewa wajen bushewa. Aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ƙota da ita, tana da tauri, matsalarta ita ce yawan karkacewa da gurbin ƙaya. Gora mai cikakken ciki, irin wadda ake kawowa kasuwanninmu daga kudu, ita ma tana yin baka mai sauƙin ɗauka, ko da yake ba ta kai ɗundu tura kibiya ba.

Akwai itatuwan da bai kamata a ɓata lokaci a kansu ba. Kuka da gawo ba su da ƙarfin da ake bukata. Bedi, wato dogon yaro, wanda ya cika tituna da gidaje har ya zama shi ne mafi sauƙin samu, yakan karye ba tare da ya yi gargaɗi ba, itacen turare kuma murɗewa yake yi yana tsagewa tun kafin ya gama bushewa. Idan aka yi shakkar wani itace, sai a sami busasshen reshensa mai kaurin yatsa a lanƙwasa a hankali. Idan ya karye ƙas, ya rabu biyu sumul, a rabu da shi. Idan kuwa ya lanƙwasu sosai kafin ya tsage, kuma tsagewar ta fito da zare-zare da suka ƙi rabuwa, to wannan itace zai yi baka.

Sandar da za a sara ta kasance ta kai kamu uku da taƙi ɗaya, wato kimanin santimita 165 zuwa 170, domin bakan da aka gama zai tsaya a wajen santimita 150, ragowar kuma za a yanke ta ne idan bakunan sandar suka tsage wajen bushewa. Kaurinta ya kasance santimita 4 zuwa 5, kamar ƙotar fartanya mai kauri. A zagaya ta a duba da kyau: aƙalla gefe ɗaya ya zama babu gurbin reshe, babu tabon gatari, babu ramin ƙwaro daga sama har ƙasa, domin wannan gefen shi zai zama baya. A kuma lura da layin ɓawo. Idan layin ya tafi a miƙe, zaren ciki ma a miƙe yake, idan kuwa yana zagaye sandar yana hawa, itacen murɗaɗɗe ne, kuma babu dabarar da za ta gyara shi. Ɗan lanƙwasa mai laushi ba aibi ba ne, ana gyara shi daga baya.

Wanda zai sara ya nemi izinin mai gona, idan kuma gandun daji ne na hukuma ya bi ta hannun malamin daji. Dajin Rugu, wanda mutanen Safana da Batsari da Ɗanmusa suka saba samun irin waɗannan itatuwa a cikinsa, ba wurin shiga neman sanda ba ne a halin rashin tsaron da ake ciki. Shingen gonaki da bakin rafuka sun wadatar. Kuma a sari sanda uku ko huɗu a lokaci guda, domin ba kowace ce za ta tsira daga bushewa ba.

Lokacin sara da busarwa

Mafi kyawun lokacin sara shi ne bayan kaka, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ruwan jikin itace ya ragu. Sandar da aka sara a tsakiyar damina cike take da ruwa, tana daɗewa ba ta bushe ba, ƙwari kuma sun fi son ta. Sai dai saran hunturu yana da nasa haɗari, kuma a nan ne yawancin sanduna ke lalacewa a wannan yanki namu. Iskar hunturu tana busar da bayan itace da bakunansa cikin kwanaki kaɗan alhali tsakiyarsa tana nan ɗanya, sai wajen ya tsuke, cikin ya ƙi, itacen ya tsage. Maganin wannan shi ne a hana shi bushewa da gaggawa. Da zarar an sara, tun kafin a baro daji in da hali, a toshe bakunan sandar biyu da narkakken kakin zuma, ko man kaɗe mai kauri, ko fenti, sannan a bar ɓawon a jikinta na mako biyu zuwa uku.

Bayan wannan sai a ɓare ɓawon a hankali da wuƙa marar kaifi sosai, ana turawa ba ana yanka ba, musamman a gefen da aka zaɓa ya zama baya. Idan ɗan ɓawo na ciki mai laushi ya manne, a bar shi, zai fita daga baya da kankarewa mai sauƙi. A shafa wa sandar mai kaɗan. Idan tana da lanƙwasa, yanzu ne lokacin gyara mafi sauƙi, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a kwantar da ita a jikin azara ko wani miƙaƙƙen katako, a ɗaure ta tamau da igiya a wuri huɗu ko biyar, ta bushe a haka.

Wurin ajiya ya zama inuwa mai ɗan iska, kamar saman zaure ko ƙarƙashin rufin soro, ba rana ba, ba kusa da murhu ba, ba kuma a ƙasa ba inda gara za ta same ta. A kwantar da ita, kada a jingina ta a bango, domin nauyinta zai karkatar da ita. Sanda mai wannan kauri tana bukatar wata huɗu zuwa shida. Mai son rage lokaci yana iya sassaƙe cikinta tun tana ɗanya, ya kusantar da ita ga siffar baka, sannan ya ɗaure ta ta bushe, a haka wata biyu yana iya isa. Hanyar sanin ta bushe ita ce awo: a ɗora ta a sikeli duk mako a rubuta nauyinta, idan mako biyu ko uku suka wuce nauyin bai ragu ba, ta gama. Wanda ba shi da sikeli ya ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa, busasshiya tana amsawa da ƙara mai kaifi, ɗanya kuma da ƙara mai nauyi. Bakan da aka ja tun yana ɗanye ba ya karyewa nan take, amma lanƙwasar za ta zauna masa har abada, ya zama ba shi da ƙarfin tura kibiya.

Fitar da siffa

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin gizago, wuƙa mai kaifi, magagari, ɓallen fasasshiyar kwalba don kankarewa, gawayi ko fensir, igiya mai ƙarfi, da samfefa ko ganyen ɓaure mai kaushi. Duk ana samun su wurin maƙera da 'yan koli a kasuwannin ƙauye irin na Mai'aduwa, Mashi ko Charanchi.

A yanke bakunan da suka tsage har sandar ta tsaya a santimita 150. A ninka igiya biyu a gano tsakiya, a yi alama, sannan a ware santimita 6 sama da 6 ƙasa, wannan shi ne mariƙi. Daga mariƙi zuwa kowane baki ana kiransa hannun baka, akwai na sama akwai na ƙasa, kuma gindin sandar, wanda ya fi kauri da nauyi, shi ake mayarwa ƙasa. A miƙa zare daga baki zuwa baki ta gefen ciki a ja layin tsakiya da gawayi, domin a tabbata tsirkiya za ta ratsa ta tsakiyar mariƙi. Idan ta kauce gefe, bakan zai riƙa juyawa a hannu duk lokacin da aka ja shi.

Sai a fara rage itace da gizago daga ciki da gefuna, ana sara daga mariƙi zuwa baki, ƙanana-ƙananan sara, ana bin zare. Idan gizago ya fara shiga ƙarƙashin zare yana ɗago shi, a juya a sassaƙo daga ɗaya ɓangaren. Abin da ake nufa shi ne mariƙi ya tsaya a kaurin santimita 3, tsakiyar kowane hannu ya zama kimanin santimita 2 da rabi, baki kuma santimita 1 da rabi, raguwar tana tafiya a hankali babu tudu babu kwari. Waɗannan ma'aunai sun ɗan fi abin da za a ƙare da shi, da gangan, domin abin da aka sassaƙe ba ya komawa. Ya fi kyau faɗin hannun ya ɗan fi kaurinsa, cikin kuma ya zama shimfiɗaɗɗe kaɗan maimakon zagayayye sarai, saboda matsin ya bazu a wuri mai faɗi. Inda aka ci karo da gurbin reshe a gefe ko a ciki, kada a daidaita shi da sauran, a bar masa ɗan tudun itace kewaye da shi.

Idan har yanzu akwai karkata, a gyara ta da wuta. A shafa man kaɗe ko man gyaɗa a wurin, a riƙe shi sama da garwashi, ba harshen wuta ba, ana juyawa har ya yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kai ba, amma bai canza launi zuwa baƙi ba. A sa shi a tsakanin rassan bishiya biyu a tanƙwara a hankali, a ɗan wuce inda ake so, a riƙe har ya huce. Bayan an gasa itace a bar shi kwana biyu ko uku kafin a ja shi, domin wuta tana ƙara busar da shi fiye da kima.

A kowane baki, kimanin santimita 2 daga ƙarshe, a yi gurbin tsirkiya da magagari a gefuna biyu, mai gangarowa wajen ciki, kada ya ratsa baya. Wasu maharba sukan huda baki ɗaya su zura tsirkiya ta ciki. Wannan yana riƙewa, amma yana raunana bakin idan itacen siriri ne. Abin da ya fi aminci shi ne gurbi marar zurfi, sannan a naɗe ƙasansa da jijiya ko ɗanyar fata, idan ta bushe ta zama tudun da zai hana tsirkiya zamewa.

Daidaita lanƙwasa

Wannan mataki shi ne ainihin sana'ar, kuma shi ya fi kowane cin lokaci. Manufarsa ita ce kowane yanki na hannun baka ya ɗauki rabonsa na lanƙwasa, kada wani wuri ya sandare ya bar wa maƙwabcinsa duka wahalar. Wurin da ya fi sauran lanƙwasa shi zai karye.

Daga nan a ajiye gizago gaba ɗaya, aiki ya koma hannun magagari da ɓallen kwalba. Dalili kuwa shi ne ƙarfin baka ya fi rataya a kan kauri fiye da faɗi: idan aka ninka faɗin itace biyu, taurinsa ninki biyu yake ƙaruwa, amma idan kaurinsa aka ninka biyu, taurin ninki takwas yake ƙaruwa. Ke nan milimita ɗaya da aka kankare daga ciki yana iya sauya bakan sosai, sara ɗaya na gizago kuma yana iya kashe shi.

Da farko a kafa baki ɗaya a ƙasa, a riƙe na sama da hannu ɗaya, a tura mariƙi da ɗaya hannun ta gefen ciki, a kalli yadda hannun ƙasa yake lanƙwasa. A juya a gwada ɗayan. Idan bai motsa ba sam, a kankare cikin daga mariƙi zuwa baki da dogon ja, ana ƙirga adadin jan domin a yi wa ɗaya hannun daidai da haka. A ci gaba har kowane hannu ya fara ba da kai kimanin taƙi rabi.

Sannan a tanadi sandar gwaji: katako mai ƙarfi tsawon santimita 80, mai baki kamar gwafa a sama inda mariƙi zai zauna, an yi masa tsaga-tsaga a jiki duk bayan santimita 5. A ɗaura wa bakan doguwar igiya mai sako-sako, a ɗora mariƙi a kan gwafar, bayan baka yana kallon sama, a ja igiyar ƙasa a maƙala a tsaga ta kusa, a jingina a bango, a ja da baya taku huɗu ko biyar a duba. Ido ya fi ganin aibi daga nesa. Inda hannun ya miƙe bai lanƙwasa ba, a yi masa alama da gawayi, nan za a kankare. Inda ya yi gwiwa, wato ya lanƙwasa fiye da kewayensa, a yi masa wata alama dabam, kada a sake taɓa shi, sai dai a rage itacen da ke samansa da ƙasansa har su kamo shi. Kada a bar baka a maƙale fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Mai wayar hannu yana iya ɗaukar hoto ya sauke bakan, ya zauna ya duba a natse.

Akwai wata dabara mai taimako ga wanda idonsa bai saba ba. A sami ɗan miƙaƙƙen kara mai tsawon santimita 15, a riƙa zamar da shi a jikin cikin baka yayin da yake lanƙwashe. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar karan da itacen ita ke nuna yawan lanƙwasa: inda ta ɓace wurin ya sandare, inda ta yi faɗi wurin ya yi rauni. Haka kuma ana iya zana siffar hannu ɗaya a bango da gawayi, a juya bakan a ɗora ɗaya hannun a kan zanen a ga bambanci.

Bayan kowace kankarewa a ja bakan a sake sau 20 zuwa 30, ja marar nisa, kafin a sake dubawa, domin itace ba ya nuna sakamakon abin da aka cire masa sai an motsa shi. Wanda ya tsallake wannan zai ga kamar bai cire komai ba, ya ƙara kankarewa, daga baya wurin ya faɗa gaba ɗaya. Kuma akwai dokoki biyu da ba a karya su: ba a jan baka ya wuce inda aka ga aibi sai an gyara aibin, ba a kuma jansa da ƙarfin da ya wuce wanda ake so ya ƙare da shi. Ana auna ƙarfin da sikeli mai ƙugiya irin na masu sayar da hatsi ko nama, a maƙala ƙugiyar a igiya a ja. Don zomo, zabin daji, fakara da gafiya, kilo 15 zuwa 18 ya isa. Don gada ana bukatar kilo 20 zuwa 25. A ganina mai koyo ya tsaya a kan na farko, domin bakan da ya fi ƙarfin mai shi yana sa hannu rawa, kibiya ta tafi inda ba a aike ta ba.

Idan bakunan suka fara saukowa kimanin santimita 15 kuma lanƙwasar ta yi kyau, a cire doguwar igiya a sa gajera, wadda za ta bar tazarar yatsu huɗu tsakaninta da mariƙi. A sake dubawa, domin gajeriyar igiya tana matsa bakuna fiye da doguwa, aibin da ya ɓuya yakan fito. Daga nan a riƙa ci gaba tsaga ɗaya bayan ɗaya, kankarewa, motsawa, dubawa, har a kai santimita 60, wanda shi ne iyakar jan da ya dace da baka mai tsawon santimita 150. Mai dogon hannu da ke son ja fiye da haka sai ya nemi sanda mafi tsawo tun farko, domin ƙa'ida ita ce tsawon baka ya ninka tsawon ja biyu har da ɗan ƙari. A bar mariƙi da ɗan taƙi na ƙarshen kowane baki su fi sauran tauri, hannun ƙasa kuma ya ɗan fi na sama ƙarfi kaɗan. Wannan aiki ya fi kyau a raba shi kwana uku ko huɗu, sauri ya haifi nawa.

Idan ana cikin ja aka ji ƙas, a saki a hankali a bincika baya. Ɗan zaren da ya ɗago ana iya manne shi a naɗe da jijiya, amma tsagar da ta ratsa baya a kwance ba ta da magani, sai a ɗauko sanda ta biyu.

Tsirkiya

Tsirkiyar gargajiya da ɗanyar fata ake yin ta, kuma fatar akuya ta fi ta tunkiya nesa ba kusa ba, domin ta tunkiya yagewa take yi. Jemammiyar fata ba ta yi, tana miƙewa ta tsinke. A jiƙa fatar a ruwan toka har gashin ya fara zuba da kansa, a kankare shi, a wanke ta sarai, a shimfiɗa. A fara yanka daga gefe ana zagayawa zuwa tsakiya, a fitar da tsiri ɗaya dogo marar gaɓa mai faɗin milimita 5 zuwa 6, ana kauce wa fatar ciki da ta hammata saboda sirantarsu. Tun tana jiƙe a ɗaure baki ɗaya a reshe, a murɗa ta sosai, a rataya dutse mai nauyin kilo 4 ko 5 a ƙasa, a bar ta a inuwa. Yayin da take bushewa za ta ƙara tsawo, sai a riƙa ƙara murɗi. Idan ta bushe ta zama zagayayya mai tauri, a murza mata ɗan kitse ko man kaɗe.

Aibinta ɗaya ne: tana saki idan ta sha raɓa ko damina ta kama. Saboda haka wasu suka koma zaren roba mai ƙarfi irin na masu ɗinkin takalma, a haɗa silli da yawa a murɗa a shafe da kakin zuma. Ko wace aka zaɓa, ta iya ɗaukar nauyin da ya ninka ƙarfin bakan sau huɗu, a gwada ta da buhun hatsi kafin a amince mata. A ɗaure ta dindindin a bakin ƙasa, a sama kuma a yi ɗaurin da ake iya kwancewa. Idan an ɗaura, tazarar tsirkiya da mariƙi ta zama dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, kimanin santimita 14 zuwa 15. Idan ta gaza haka za ta riƙa dukan wuyan hannu, idan ta wuce kuma bakan yana shan wahala a banza.

Gamawa da gwaji

A goge bakan da samfefa ko ganyen ɓaure har alamun magagari su ɓace, a kashe duk wani kaifi na gefe, sannan a murje shi da ƙashi mai santsi ko gindin kwalba. A shafa man kaɗe a ajiye a wuri mai ɗumi ya sha, a maimaita sau uku ko huɗu. Mariƙi a naɗe shi da fata, wanda yake son ado ya kai wa baduku.

Kibiyar da ta dace da irin wannan baka ita ce ta kyauro, mai tsawon santimita 65 zuwa 70, wadda aka miƙar a kan garwashi. Maƙeri zai ƙera kan, mai kunne ko marar kunne, da doguwar wutsiya da ake cusawa cikin kyauron. A naɗe wurin da jijiya, a kuma naɗe ƙasan gurbin tsirkiya na gindin kibiyar, in ba haka ba tsirkiya za ta tsaga kyauron ta tura shi cikin hannun maharbi. Kibanmu na gargajiya ba su da gashin tsuntsu a gindi, nauyin ƙarfen da ke gaba shi ke miƙar da su, shi ya sa amfaninsu a kusa yake, mita 15 zuwa 20.

A yi gwajin farko da buhun ƙaiƙayi a jingine a bango, inda babu mai wucewa, babu yara, babu dabbobi. A fara da rabin ja, a riƙa ƙarawa. Ba a taɓa sakin tsirkiya babu kibiya a kai, domin ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya zai koma jikin itacen ya fasa shi. Bayan harbi kamar 100 a mayar da bakan kan sandar gwaji a sake duba lanƙwasa, a gyara abin da ya sauya. Idan aka kwance tsirkiya aka ga ya riƙe lanƙwasar santimita 3 zuwa 5, wannan ba komai ba ne.

Maganar dafi an bar ta da gangan. Haɗarinsa ga mai haɗawa da mutanen gida ya fi amfaninsa, kuma malaman Malikiyya sun yi bayani cewa dabbar da aka harba da kibiya mai dafi, ta mutu ba a riski yanka ta ba, ba a kuma san ko kaifi ne ya kashe ta ko dafin ba, ba a cin ta. Maharbi ya ambaci sunan Allah lokacin saki, idan ya riski dabbar da rai ya yanka. A ɓangaren hukuma kuma akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, don haka ya kamata sabon maharbi ya gabatar da kansa ga Sarkin Baka ko shugaban maharban garinsu, ya san abin da aka hana harbi da wuraren da aka hana shiga.

Da an dawo daga daji a kwance tsirkiya, kada baka ya kwana a ɗaure. A rataye shi a kwance a kan turaku biyu a cikin ɗaki, nesa da rana da murhu. Da hunturu, lokacin da itace ke bushewa har ya yi gautsi, a ƙara masa mai duk bayan mako biyu, kuma kafin harbin farko na safiya a murza shi da tafin hannu, a ja shi rabi-rabi sau da yawa ya saki jiki. Da damina kuma a naɗe tsirkiyar fata a sa a cikin kwari, a riƙa duba jikin bakan ko ƙwaro ya fara zubo da gari.